Harafi ɗaya a cikin biliyan 3: yadda nukiliyas da DNA suke riƙe da akalar jikinka

Akwai 'yar yayata mai sikila, shekarunta 9 yanzu, duk sanda hunturu ya kama hankalin gidan nan a tashe yake. Kwanakin baya ciwon ya taso mata cikin dare, baya da ƙafafu, tana ta murƙususu a kan tabarma tana cewa "Kawu ƙashina ake sara", haka muka kwana a asibiti ana mata ƙarin ruwa da allurar kashe zafi, uwarta ko runtsawa ba ta yi ba. Da gari ya waye jikin ya ɗan lafa sai ta kalle ni ta ce "Kawu wai me ya sa ni kaɗai?" don ƙannenta biyu lafiyarsu lau, uwa ɗaya uba ɗaya, tuwo ɗaya ake ci. Wallahi tambayar ta tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari na zauna na warware maganar daga tushe, don amsar tana can cikin wani ɗan mitsitsin wuri da ido ba ya gani, kuma yawancinmu haddace sunansa kawai muka yi a sakandare muka zuba a takardar jarrabawa muka wuce.

Toh bari mu fara da sel. Jikinka gaba ɗaya, fata, hanta, ƙashi, ƙwaƙwalwa, an gina shi ne da wasu ƙananan ɗakuna masu rai, su ake kira sel, a jikin babban mutum sun haura tiriliyan 30. Wani Bature ɗan Ingila Robert Hooke ne ya fara ganin irin ɗakunan nan a 1665 da ya leƙa ɓawon itace a na'urar ƙara girman abu, sai a 1831 wani masanin tsirrai Robert Brown ya lura cewa a cikin kowane ɗaki akwai wani ɗan dunƙule, shi ya raɗa masa sunan da muke cewa nukiliyas. Amma aikin me yake? Babu wanda ya sani a lokacin. A 1869 wani matashin likita ɗan Suwizalan, Friedrich Miescher, yana aiki a garin Tubingen na Jamus, ya riƙa karɓo bandejin da aka cire wa masu rauni yana wanke mugunyar jiki, don mugunya cike take da fararen ƙwayoyin jini, daga cikin nukiliyas ɗinsu ya tace wani abu da bai yi kama da komai da aka sani ba. Abin nan shi ne DNA. Kaga daga ƙazamin bandeji aka fara, kuma sai da aka ƙara shekara 75, a 1944, kafin Oswald Avery da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wannan abin ne yake ɗauke da gado.

A makaranta ana ce mana nukiliyas shi ne "ƙwaƙwalwar sel". Ni gaskiya wannan maganar ba ta kwanta min ba, don tana sa yaro ya ɗauka akwai wani abu a ciki da yake tunani yana ba da oda. Nukiliyas ba ya tunani. Ma'ajiyar littafi ne, littafin da aka rubuta yadda ake haɗa kowane kayan aiki na jiki, kuma duk ikonsa daga nan yake, wane shafi aka buɗe, yaushe aka buɗe, sau nawa aka kwafa.

Gwajin da ya fi burge ni a kan wannan wani Bajamushe ne ya yi shi, Joachim Hämmerling, a shekarun 1930, da wani irin gansakuka na teku mai suna Asetabulariya. Abin mamakin wannan halitta shi ne sel ɗaya ce tak amma tana da tsayin 'yan santimita, ana ganinta da ido a kama ta da hannu, tana da gindi da kara da hula a sama kamar lema, kuma nukiliyas ɗinta yana can ƙasa a gindi. In ka yanke hular sai ta sake toho. Sai ya samo iri biyu, ɗaya hularta sumul kamar faifai ɗaya kuma a tsattsage, ya yanko karan wannan ya dasa a gindin waccan. Hular da ta fara fitowa sai ta zo ruwa biyu, ba ta nan ba ta can. Ya yanke ta. Wadda ta sake fitowa sai ta zo sak irin ta mai gindin, wato irin ta mai nukiliyas. Abu biyu wannan ya nuna, na farko gindin da ke da nukiliyas shi ke faɗin irin hular da za a yi, na biyu kuma akwai wani saƙo da nukiliyas yake aikawa cikin kara wanda yake ɗan jimawa kafin ya ƙare, shi ya sa hular farko ta gauraya, ragowar tsohon saƙo ne bai gama ƙarewa ba. Ka riƙe maganar saƙon nan, za mu dawo kanta.

Shi littafin ya yake? DNA zare ne dogo siriri mai tufka biyu, kamar tsanin igiya da aka murɗa. Wannan siffar James Watson da Francis Crick ne suka bayyana ta a 1953 a Kambirij, amma sun dogara sosai da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken wata mata Rosalind Franklin a Landan, ita kuma ta rasu a 1958 tana da shekara 37, aka ba da kyautar Nobel a 1962 ba ta duniya, kuma ya kamata duk mai ba da labarin nan ya riƙa ambaton sunanta. Matakalan tsanin haruffa ne guda 4 kacal, A da T da G da C, kuma suna da ƙa'ida, A kullum da T take haɗuwa, G kullum da C. Saboda haka in ka tsaga tsanin gida biyu, kowane ɓari ya ishe ka ka sake gina ɗayan, inda ka ga A ka san T ce a gabanta. Haka sel take kwafe littafinta kaf kafin ta rabu biyu, kuma akwai masu bin baya suna duba kuskure suna gyarawa, har ya zama abin da ke kuɓucewa bai wuce kamar harafi ɗaya a cikin biliyan ba.

Ka gaji haruffa kusan biliyan 3 daga mahaifiyarka, wasu biliyan 3 daga mahaifinka, an kasa su cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga nan 23 daga can. In aka warware zaren sel ɗaya aka miƙe shi zai kai wajen mita 2, amma an cusa shi cikin nukiliyas da faɗinsa bai wuce ka raba milimita ɗaya gida 1000 ka ɗauki 6 ba. In da za a kumbura nukiliyas ya kai girman lemo to zaren cikinsa zai yi kilomita 20, kuma duk da haka ba ya cukurkuɗewa, saboda an naɗe shi a jikin wasu ƙananan furotin da ake kira histon kamar yadda mai kaɗi take naɗe zare a mazari, naɗi kan naɗi. Kuma naɗin nan ba don ajiya kawai ba ne, wurin da aka ɗaure tamau ba ya karantuwa, wurin da aka sassauta shi ake karantawa.

A cikin dogon rubutun nan akwai gaɓoɓi, kowace gaɓa bayanin yadda ake haɗa furotin ɗaya ce, su ne ƙwayoyin gado, ɗan Adam yana da wajen 20,000. Kada kalmar furotin ta kai tunaninka ga wake da ƙwai kawai. Furotin su ne ma'aikatan jiki. Himogulobin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini furotin ne, insulin da ke saita suga furotin ne, abin da ke narkar da tuwon da ka ci furotin ne, gashi da farce furotin ne, abin da ke sa tsoka ta motsa ma haka. Saboda haka duk wanda yake riƙe da bayanin haɗa furotin shi ke riƙe da akalar sel, ba sai ya ɗaga murya ba.

Yanzu ga inda saƙon Hämmerling ya shigo. Littafin ba ya fita daga nukiliyas, an kewaye shi da bango mai ruɓi biyu mai 'yan ƙofofi da ake tantance mai shiga da mai fita, su kuma injinan haɗa furotin, ribosom, suna waje. To ya za a yi? Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane wannan nan take, misali ne kawai nake bugawa. Littafi yana wurin malam a adane, ba a ba kowane yaro ya tafi da shi, abin da ake yi a kwafa maka iya karatunka na yau a allo, ka je ka biya, in ka iya a wanke a rubuta wani. Allon sel shi ake kira mRNA. Wani inji yana zuwa ya buɗe tufkar DNA daidai gaɓar da ake so, ya kwafe ta, a ɗan gyara kwafin a yanke wuraren da ba a buƙata, a fitar da shi ta ƙofa, ribosom ya karanta, bayan 'yan mintuna ko 'yan awanni a wargaza shi. Wanke allon nan ba asara ba ce, shi ne yake ba sel damar canza shawara, in ba a son wani furotin kuma sai kawai a daina kwafa, tsohon saƙo ya ƙare da kansa, kamar yadda hular gansakukan nan ta koma ta mai gindi.

Ribosom kuma karatunsa uku-uku ne. Kowane haruffa 3 suna nufin ɗan carbi ɗaya, a jera su a zare ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yan carbin nan su ne amino asid kuma iri 20 ne. Haruffa 4 in ka jera su uku-uku za su ba ka kalma 64, guda 61 suna kiran amino asid, guda 3 kuma ma'anarsu "tsaya nan". Kalmar farko da aka fara ganewa a 1961 ne, Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka gano ta a Amurka. In carbin ya kammala sai ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa ta musamman, kuma siffar ita ce aikin, kamar makulli ne, in haƙori ɗaya ya lanƙwashe ƙofa ba za ta buɗu ba. Wani abin da har yau yake sa ni yin shiru in na tuna, wannan karatun uku-ukun kusan iri ɗaya ne a jikin mutum da akuya da gero da bakteriya, shi ya sa ake iya ɗaukar ƙwayar gadon insulin ta mutum a saka wa bakteriya ta karanta ta haɗa, insulin da masu ciwon suga suke allura da shi yau mafi yawansa ta irin wannan hanyar ake samar da shi.

Toh mu dawo kan yarinyar nan. Himogulobin yana da sarƙa iri biyu, ɗaya daga ciki ana ce mata beta, 'ya'yan carbinta 146, bayaninta yana kan kuromosom na 11. A wurin ɗan carbi na 6, rubutun yawancin mutane GAG ne. A sikila GTG ne. Shikenan fa. A ta koma T, harafi ɗaya. Sai ribosom, shi da ba ya tambaya, abin da aka rubuta masa yake bi, ya saka wani amino asid mai suna balin a gurbin gulutamik asid. Shi na asalin yana shiri da ruwa, shi kuma balin gudun ruwa yake kamar mai, saboda haka da zarar himogulobin ya sauke oksijin ɗinsa sai wannan gurbin ya nemi abin da zai manne wa, ya manne wa na kusa da shi, wancan ma ya manne wa na gaba, su yi dogayen sanduna a cikin ƙwayar jinin. Ƙwayar da ya kamata ta zama taushi kamar ƙaramar waina tana lanƙwasa tana ratsa siraran jijiyoyi sai ta ƙage ta koma kamar lauje, ta maƙale, na baya su taru a kanta, jini ya daina isa ƙashi. Wannan shi ne "ƙashina ake sara". Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro, duk suna ƙara tsananta abin, shi ya sa hunturu yake zame mana tashin hankali. Kuma lafiyayyar ƙwayar jini tana kwana wajen 120, ta sikila 10 zuwa 20 ta fashe, daga nan ƙarancin jini yake zuwa da idon nan da ke yin ɗorawa. Linus Pauling ne ya nuna a 1949 cewa matsalar a jikin himogulobin take, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin ɗan carbin da ya canza a wajen 1956 zuwa 1957.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, ita jar ƙwayar jinin da take shan wannan wahalar ba ta da nukiliyas sam. A cikin ɓargo ake ƙera ta, tun tana ɗanya tana da nukiliyas, ta yi ta kwafar shafin himogulobin har ta cika maƙil, sannan ta tofar da nukiliyas ɗin ta fito cikin jini. Daga nan ba ta iya gyara kanta, ba ta iya rabuwa, ba ta iya yin sabon abu, shi ya sa kwanakinta ƙidayayyu ne, kuma ɓargo yake ta aikin maye gurbi, sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. In kana neman hujjar me nukiliyas yake yi wa sel to dubi wadda ta rasa shi. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ƙarin jini yake taimakon mai sikila na 'yan makonni kawai, an kawo lafiyayyun ƙwayoyi amma ɓargon yana nan da rubutunsa yana ci gaba da fitar da irin nasa. Dashen ɓargo shi ne yake canza wurin da rubutun yake, shi ya sa yake iya warkarwa, sai dai tsada da haɗari da wahalar samun wanda ɓargonsa ya dace.

Me ya sa ita kaɗai? Saboda kowa kofi biyu yake da shi na wannan shafin, ɗaya na uwa ɗaya na uba. Lafiyayyen kofi ana ce masa A, mai wannan canjin harafin kuma S. Yayata AS ce, mijinta ma AS ne, kowannensu yana da kofi ɗaya lafiyayye da ke rufa masa asiri. Wurin haɗa ƙwai da maniyyi kowa ɗaya yake bayarwa cikin biyun, ba zaɓi. Ita ta samu S daga nan da S daga can. Don Allah a daina cewa "daga dangin uwar ne", na ji wannan maganar da kunnena kuma na ga yadda take cin ran uwa, babu yadda za a yi yaro ya zama SS sai uba ya ba da nasa. Sannan lissafin ɗaya cikin huɗu da ake faɗa, a kowane ciki ne daban, ba wai in an haifi mai sikila ɗaya uku na gaba sun tsira ba, akwai gidan da uku a jere suka zo SS akwai gidan da shida babu ko ɗaya. Haka maganar haihuwar 'ya'ya mata da ake ɗora wa mace har a yi mata kishiya a kai, ƙwan mace kullum kuromosom X yake ɗauke da shi, maniyyin namiji ne yake zuwa da X a samu mace ko Y a samu namiji, kuma shi ma ba shi yake zaɓa ba.

In ka ce to me ya sa wannan harafin ya yi yawa haka a wajenmu, amsar sauro ce. Anthony Allison ya nuna a 1954 a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro tun suna yara, don haka a inda maleriya ta yi katutu masu ɗauke da S suka fi rayuwa suka hayayyafa. Yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi, kuma ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da cutar duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Akwai kuma wani irin himogulobin da ake kira C, shi ma a daidai wannan gurbi na 6 ne, GAG ta koma AAG, ya fi yawa wajen Burkina Faso da arewacin Gana, shi ya sa AS da AC ma sai an yi hattara don SC ma ciwo ne. A 2024 Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure har da jinotayif, ni dai ina goyon baya ɗari bisa ɗari, abin da zan ƙara kawai a yi gwajin tun kafin soyayya ta yi nisa, kuma a maimaita a wuri na biyu mai inganci, ranar da aka kai kuɗin gaisuwa ba ranar jin sakamako ba ce.

Saura babbar tambaya, kuma a nan ne ainihin "juya akalar" yake. In kowace sel littafi ɗaya gare ta, me ya sa ido ba ya yin himogulobin, me ya sa fata ba ta yin insulin? An daɗe ana zaton ko kowace sel tana yar da shafukan da ba ta buƙata ne. John Gurdon ya rushe wannan zaton a 1962, ya ciro nukiliyas daga sel ɗin hanjin talibambam ya saka a ƙwan kwaɗo da aka kashe nasa nukiliyas ɗin, sai ga cikakken talibambam ya fito da ido da wutsiya da komai. A 1996 aka maimaita da tunkiya a Sikotilan, Dolly, nukiliyas daga hantsar wata farar tunkiya, ƙwai daga mai baƙar fuska, bayan gwaji 277 aka samu ɗaya, ta fito da farar fuska irin ta mai nukiliyas. Wato littafin yana nan cikakke a ko'ina, bambancin shafin da aka buɗe ne.

Wa yake buɗewa? Wasu furotin ne da suke zama a kan DNA kusa da gaɓa su ce a kwafa ko kar a kwafa, su kuma suna jin maganar waje. Mace ta haihu, sinadarin furolaktin ya zagayo cikin jini, sel ɗin mama suka ji, saƙo ya shiga nukiliyas, aka buɗe shafukan furotin ɗin nono waɗanda suke rufe shekara da shekaru. Manomi ya yi sati yana riƙe da fartanya, fatar tafinsa ta ƙara yawan abin da take haɗawa, kanta ta fito. Kaga ashe umarnin ba daga sama kawai yake saukowa ba, kai da komo ne, waje yana faɗa wa nukiliyas halin da ake ciki shi kuma yana fito da shafin da ya dace. Wasu Faransawa biyu, François Jacob da Jacques Monod, su suka fara nuna irin wannan makunni a 1961 a jikin bakteriya. Kuma ƙasa da kashi 2 cikin 100 na DNA ɗinmu ne yake bayanin furotin kai tsaye, a cikin ragowar ne irin waɗannan makunnan suke warwatse.

Misalin da ke kusa da mu shi ne madara. Kowane jariri yana haɗa abin da ke narkar da sugan madara a hanjinsa, amma yawancin mutanen duniya bayan yaye shafin yana rufewa a hankali, shi ya sa wani in ya sha ɗanyar madara cikinsa yake kumbura yana ƙugi, amma kindirmo bai cika damunsa ba don bakteriya sun riga sun cinye wani kaso na sugan. Fulani da yawa kuwa suna ɗauke da canjin harafi ɗaya, ba a cikin shafin kansa ba, a makunninsa da ke can nesa da shi da haruffa wajen 14,000, wanda yake hana shi rufewa har tsufa.

In rubutun ya lalace bayan haihuwa kuma, nan cutar daji, wato kansa, take shigowa. Akwai wata ƙwayar gado p53 da aikinta shi ne ta tsayar da sel in DNA ya samu rauni, a gyara ko sel ɗin ta kashe kanta, kuma a kusan rabin cututtukan kansa ana samun ita ce ta lalace. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi tana fitar da dafin afulatoksin, shi kuma a hanta yake manne wa DNA, an san shi da canza harafi ɗaya a daidai kalma ta 249 ta wannan p53 ɗin, in ya haɗu da ciwon hanta nau'in B haɗarin ya ninka sosai. Gyaɗar nan mai ɗaci da ta yi kore-kore da ake cewa a soya a yi ƙuli da ita kar a yi asara, suya ba ta kashe dafin, a zubar kawai.

Bari na koma kan abin da ya fi ba ni fata. Masu jaririn sikila za su gaya maka watannin farko lafiya lau yake, sai wajen wata 5 zuwa 6 ake fara ganin hannu da ƙafa suna kumbura yana ta kuka. Dalili, a ciki da farkon haihuwa wani himogulobin daban jariri yake amfani da shi, na 'yan tayi, daga wani shafi daban da babu wannan kuskuren a cikinsa, kuma ba ya yin sanduna. Bayan haihuwa sai wani furotin mai suna BCL11A ya zo ya rufe wannan shafin a koma na manya. Shafin bai goge ba, yana nan a kowace sel ta ɓargon yarinyar nan, a rufe kawai yake. Maganin haidiroksiyuriya da likitoci suke ba masu sikila, babban aikinsa shi ne ya ɗan ƙara yawan wannan himogulobin na jarirai, kuma tun da likitanta ya ɗora ta a kai, tare da gwajin jini a kai a kai, kwanan asibitinmu ya ragu. A ƙarshen 2023 kuma Birtaniya sannan Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, ana ciro sel ɗin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a yi amfani da almakashin DNA da ake kira CRISPR a lalata makunnin BCL11A ɗin, a share tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, a mayar masa da nasa sel ɗin. Ba su ma taɓa harafin da ya canza ba, tsohon shafin jarirai kawai suka sake buɗewa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma wannan adadin yana min ciwo, don inda aka fi kowa yawan masu cutar nan ne ba a ma fara mafarkinsa ba.

Da muka dawo gida na samu takarda na rubuta mata GAG a sama GTG a ƙasa, na ce ta nuna min bambancin, ta ɗora yatsa a kan T ɗin. Na ce mata Mama ta ba ki ɗaya Baba ya ba ki ɗaya, su ma ba su sani ba, su ma haka aka ba su. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ninke ta ta saka cikin jakar makarantarta wai za ta nuna wa malamarsu, uwarta kuma ta miƙo mata kofin ruwa na uku tun safe ta ce ta shanye kafin ta fita, ta kuma sa rigar sanyi.